Duwatsun Rijiyar Zangon Aduwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Agiye, zuwa ga ɗana Magaji.

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya kai ka Gazawa lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronSa. Innarka ce za ta sa wannan takarda cikin jakarka, ƙarƙashin riguna, don kada ka gan ta sai ka sauka. Babu labarin gida a ciki. Magana ce a kan wani gari da ke cikin yankin da aka tura ka, wanda sa hannunka zai iya kai masa ruwa ko ya hana shi. Zan fara da abin da na gani, yadda na gan shi.

A lokacin farin farko, kana ɗan lakol a makarantar boko, buro ɗinmu, wato ofishin ma'adinai da ruwan ƙasa, yana da injin foraji mai haƙa rijiyar burtsatse guda ɗaya tak a wannan yanki, garuruwan da ke jiransa kuwa sun fi ƙarfinsa. Aka ɗora mini in zaga in tantance inda ya cancanci a kai shi. Wata safiya da sanyi muka isa Zangon Aduwa, kudu da Gazawa, kusa da iyaka. Mutanen garin jikokin waɗanda suka gangaro daga arewa ne da raƙuma, suka zauna suka kama noman gero. Ni da Bawa ne, matuƙin motarmu, Bagobiri mutumin Gidan Rumji. Motar ta gwamnati ce, ni kuma ina sanye da kaki.

Tsohuwar rijiyarsu ta ƙafe. Sun soma sabuwa gabas da gari, sun ratsa rairayi da jar ƙasa fiye da gaba ashirin, sai suka tarar da baƙin dutse mai ɓawo-ɓawo. Bakin rijiyar a share yake tsaf, an barbaɗa sabon yashi. Maigari Ilu ya tarbe mu, dogo ne, rawaninsa ya rufe baki. Bayan gaisuwa ya dubi kayan jikina, ya kira ni Mushe kamar yadda ake kiran ma'aikatan gwamnati a wurinmu, ya ce, "Mushe, kai ne na ruwa, ko na itace?"

Bawa ya riga ni amsawa. Ya ce, "Na tsakuwa ne, Maigari. Bakatsine ne, ka san halinsu, kowa na neman hatsi shi yana cika buhu da duwatsu."

Aka yi dariya kaɗan. Na ce ina so in ga dutsen da ya tsayar da su, kuma in da hali a zura ni ciki. Maigari ya ce, "Haba Mushe, baƙo ba ya shiga rami a garinmu. Igiyar ma ta tsufa." Ban musa ba. Sai maginin rijiyar, wani mai suna Tanko, ya kawo kwando da gutsattsarin dutse a ciki, a goge tas, har suna ƙyalli. Idanunsa jajaye ne, yana tari. Ya ɗauki guda ya ɗora mini a tafin hannu ya ce, "Duba da kyau, Mushe. Dagi uku ya cinye mini. Wannan ba aikin hannu ba ne, sai inji." Na zaɓi waɗanda nake so, na rubuta musu lamba, na sa a jaka. Aka kawo mana ruwa a ƙoƙo, ja ne, daga nesa jakai suka ɗauko shi. Muka sha muka tafi. Ban ga wuta ba, ban ga toka ba, ban lura da wata alama da za ta sa in yi tambaya ba.

Iyakar abin da ya faru a garin ke nan. Sauran duk a kan tebur aka yi shi.

Ka karanta ilimin nan fiye da ni, to amma bari in faɗa maka yadda na yi tunani a lokacin, don ka ga inda na kauce. Dutsen can asalinsa laka ce da ta kwanta a ƙarƙashin ruwa tun kafin a yi wani abu mai rai a doron ƙasa. Aka binne ta, nauyi ya danne ta, zafin cikin ƙasa ya gasa ta a hankali. Ba gashin da ke narkar da dutse ba ne. Ɗan gashi ne, tsakanin digiri ɗari biyu zuwa ɗari uku, wanda ido ba ya iya rarrabewa. Laka kuwa tana riƙe da shaidar zafin da ta sha. Ƙwayoyinta falle-falle ne kamar ganyen takarda, kuma gwargwadon zafin da suka gani, gwargwadon yadda suke jeruwa su daidaita, ruwan da ke tsakaninsu ya fice. Idan aka niƙa dutsen aka haska garinsa da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, na'ura takan zana layi mai tozo. Tozon da ya baje ya yi faɗi, laka ce da ba ta sha zafi sosai ba. Tozon da ya tsuke ya yi tsini, ta gasu. Ana auna faɗinsa a tsakiyar tsayinsa, a kwatanta.

Wannan hanya sabuwa ce a zamanin da na yi jami'a, kuma ni kaɗai na san ta a buro. Na ce a raina, in dutsen bai wuce ɗari biyu ba, to akwai sauran taushi a jikinsa, shimfiɗun yashin da ke tsakaninsa za su iya riƙe ruwa. In ya haura ɗari uku, ya haɗe ya toshe, kai inji can ɓata lokacin wasu ne. Na aika da gutsattsarin zuwa ɗakin awon jami'ar da na yi karatu, a ƙasar waje. Zanen ya dawo da tozo siriri. Na rubuta cewa dutsen Zangon Aduwa ya sha zafin da ya haura digiri ɗari uku, kuma babu fatan samun ruwa a cikinsa. Na sa hannu. Aka kai injin wani wuri.

Kuskurena na farko shi ne ban shiga rijiyar ba. Da Maigari ya ce igiya ta tsufa, daɗi na ji, domin ina tsoron rami, kuma ina kunyar a ga tsorona. Na karɓi uzurinsa ya zama nawa. Saboda haka, Magaji, kada ka auna dutsen da ba hannunka ya ɓalle shi daga mazauninsa ba. In dole ta sa ka karɓa daga hannun wani, ka tambayi tarihinsa tun daga ramin har zuwa tafinka: wa ya fasa shi, da me, ina ya kwana, me ya taɓa shi. Na'ura ba ta san wannan ba. Duk abin da aka ba ta shi take karantawa, kuma daidai take karanta shi. In kana jin tsoron igiya, ka faɗa, a ɗaura maka biyu. Ba a raina mutum don wannan.

Kafin damina ta zo, garin ya watse. Ban je na gani ba, Bawa ne ya biya ta can ya ba ni labari. Awaki suka fara mutuwa, sannan jakan da ke ɗauko ruwa. Da jakai suka ƙare, zama ya ƙare. Wasu suka ƙetara iyaka, wasu suka nufi Maradi. Maigari Ilu ya rasu a hanya. Ba zan ce rahotona ne ya kashe shi ba, domin ban san haka ba, kuma a shekarar garuruwa masu rijiya ma sun watse. Ba zan kuma ce babu hannuna ba.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana aiki ya kai mu yamma, Bawa ya roƙi mu ratsa ƙauyensu a ƙasar Gidan Rumji ya gai da tsohuwarsa. Muna shiga na hangi hayaƙi yana fitowa daga ƙasa, mutane na zaune kewaye da shi suna hira. Na ce, "Gawayi suke yi?"

Bawa ya ce, "Wane gawayi? Rijiya ce. Kai Mushe, duk karatun nan ba a koya muku ba? In magina suka ci karo da fa, sai su tara itace da busasshen kashin shanu a gindin rijiya su cinna wuta, ta yini tana ci. In dutsen ya yi ja, a kwara masa ruwa, ya tsattsage, a shiga da dagi. Ko Bakatsine aka yi wa haka sai ya buɗe baki."

Na ce, "Ko'ina ake yi?"

Ya ce, "Duk inda dutse ya yi gardama."

Na tuna idanun Tanko da tarinsa, da sabon yashin da aka barbaɗa. Na kuma tuna abin da kowane ɗalibin laka ya sani: a ɗakin awo da kanmu mukan gasa garin laka a murhun lantarki don mu kori ruwan da ke tsakanin fallayenta, kuma in an yi haka tozon nan yakan tsuke. Ashe mai yiwuwa ne zafin da na auna ba na cikin ƙasa ba ne, na kashin shanu ne.

Ban tsaya kan zato ba. Ina da ragowar wani dutse irinsa da na ɓalle da kaina daga gaɓar wani rafi a kudu. Na raba shi biyu. Rabi na ajiye, rabi na tura cikin murhun innarka ranar da take dafa wake. Tana ganina ta ce, "Malam, yau kuma dutse za mu ci?" Na ce gwaji ne. Ta ce, "To a gwada a gefe, kada a tuntsurar mini da tukunya." Na aika da su biyun ba tare da na faɗi wanne ne wanne ba. Wanda ya shiga murhu ya dawo da tozo tsukakke, ɗan'uwansa da tozo mai faɗi. Dutse ɗaya ne, amma takarda ta ce ɗaya ya fi ɗaya shan zafi.

Kuskure na biyu ke nan: na dogara da ma'auni guda. Akwai wasu shaidu a jikin dutsen da ban nema ba. A cikin fararen jijiyoyin dutsen ƙanƙara da ke ratsa shi akwai ɗigon ruwa ƙanana da suka maƙale tun ranar da jijiyar ta daskare. Da na sa an yanka dutsen siriri na duba a madubin ƙara girma, da na tarar sun fashe sun zama wayam, domin wutar itace farat ɗaya take zuwa, ta fasa su, zafin ƙasa kuwa a hankali yake hawa. Akwai kuma wani koren ma'adini da ke tsirowa cikin irin wannan dutse, wanda shi ma yana da nasa bayanin. Ban tambayi ko ɗaya ba, domin amsar farko ta zo da tsabta, ni kuma ina son ta. Kada ka yarda da zafin da shaida ɗaya ta ba ka. Ka nemi ta biyu wadda ba ta dogara da ta farko ba. In sun saɓa, ka rubuta cewa sun saɓa. In ka ba da adadi, ka ba shi da iyakarsa ta sama da ta ƙasa, ka kuma faɗi gutsure nawa ka auna da inda ka samo su.

Akwai wani abu a nan da ya fi wannan nauyi, wanda sai da na tsufa na yarda da shi. Ko da adadina daidai ne, hukuncin da na gina a kansa ya yi gaggawa. Zafin da dutse ya sha yana gaya maka ko ƙofofin jikinsa sun toshe. Ba ya gaya maka ko daga baya ya tsage, ko ruwan sama ya ruɓar da samansa. A irin wannan ƙasa, sau da yawa cikin tsaga ruwa yake. An tambaye ni ina ruwa, na amsa da abin da na fi iyawa. Na so a san cewa ɗan Agiye ya iya abin da ake yi a manyan ɗakunan awo. Ka kula da wannan a zuciyarka. Ilimin da mutum ya fi alfahari da shi, shi yake kaiwa inda ba a kira shi ba.

Bayan haka na haɗu da Tanko a kasuwar Agiye. Ya tsufa, yana sayar da igiyoyin kaba. Shi ya gane ni. Ya ce, "Mushe na tsakuwa. Ina buhunka?"

Muka gaisa, na tsuguna kusa da shi. Ya ce wasunsu sun koma garin bayan da ruwan sama ya dawo, amma rijiyar tana nan yadda aka bar ta, an rufe bakinta da ƙaya. Na ce, "Tanko, wuta kuka sa wa dutsen nan?"

Ya dube ni, ya dubi hagu da dama, sannan ya yi dariya har tarin ya taso. Ya ce, "Yanzu dai an daɗe, ba mai kama ni. Gawo biyu muka sare. Da aka ce ga motar gwamnati tafe da mai kaki, Maigari ya ce shi ke nan, mutanen gandun daji ne, za a ɗaure mu. Ka ga gudu a ranar. Mata na kwashe toka, mu muna goge duwatsu da yashi. Ni da kaina na tsince maka waɗanda suka fi tauri, na gindin wutar, don ka ga wahalarmu ka tausaya." Ya share ido ya ce, "Amma Allah bai nufa ba. An ce injin naku ya duba ya ce babu ruwa."

Na ce, "Haka aka ce."

Ka ji amsar da mahaifinka ya bayar. Mutumin yana zaune gabana, ya ba ni gaskiyarsa yana dariya, ni kuwa na ɓuya a bayan "aka". Na sayi igiya ɗaya da ba ni da bukatarta, na tashi. Na gaya wa kaina cewa tausayinsa nake ji, kada ya san cewa duwatsun da ya tsince da hannunsa su suka kori injin. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Ya rasu bai sani ba.

Abin da zan ce maka a kan wannan gajere ne. Ka san yadda mutane ke ganinka kafin ka buɗe baki. Maigari ya tambaye ni ko ni na ruwa ne ko na itace, na bari aka mai da tambayarsa wasa. Da na zauna na ce masa ba ruwana da itace, kuma duk abin da aka yi wa dutsen ina bukatar in sani domin aikina, da wataƙila ya faɗa. Mutanen da yunwa ta kama suna tsoron mota da kaki, kuma suna da dalili. Ka sauka daga motar nesa da gari. Ka zauna a tabarma har a gama gaisuwa. Ka faɗi abin da ya kawo ka da abin da bai kawo ka ba. In an yi maka tambaya, ko da an yi dariya a kanta, ka amsa ta.

Na je wurin shugaban buro na wancan lokaci. Na same shi a tsaye, zai fita, na ce ina da shakka a kan ɗaya daga cikin tsofaffin rahotannina. Ya ce, "Ruwa ya dawo, Malam, kowa na noma. Wa ke karanta rahoton fari? Rubuto mini in ka samu sarari." Ya ba ni ƙofa, ban shiga ba. Na fara rubutun ya fi sau ɗaya. Kowane karo sai in tsaya a kan kalma, in ce ba ta yi daidai ba, gobe zan gyara. An san ni da auna magana, ni ma ina jin daɗin a ce haka. A wannan karon dai, aunawar wurin ɓuya ce. Daga baya ciwon idona ya tsananta, na bar buro na dawo gida ina koyarwa, na ce ai yanzu ba hurumina ba ne.

Wannan shi ne mafi muni, domin sauran na yi su cikin rashin sani, wannan kuwa ina sane. Ranar da ka gano kuskurenka, a ranar za ka rubuta shi, da kalmomin da suka zo, ka kai inda ka kai na farko. Gyaran da aka yi da baki a bakin ƙofa ba gyara ba ne. Takardar da aka sa wa hannu tana nan tana aiki bayan mai ita ya manta, ko ya mutu.

Ga shi fari ya dawo. Ranar da takardar ɗaukarka aiki ta zo, muna cin tuwo, ka ce mini, "Baba, an ce har yau da rahotonka ake zaɓen garuruwan da za a yi wa foraji a ƙasar Gazawa. Shugabanmu ya ce ba a taɓa yin mai tsanaki kamarka ba." Fuskarka cike da murna. Na ce, "To." Innarka ta dube ni, domin ta ga na cire hannu daga akushi. Daga baya ta ce, "Malam, yaron nan ya kawo maka abin farin ciki ka ba shi 'to'. Shekara da shekaru da 'to' kake ciyar da mu a gidan nan." Gaskiya ta faɗa. Ban taɓa zama da kai na yi maka hira ba. Sunan mahaifina gare ka, ina jin nauyinka tun kana cikin zane, na bar nauyin ya zama shiru. Kai ma ka koyi shirun a wurina, kuma shi nake tsoro yanzu.

Na san tarbiyyar da muka yi maka. Ba za ka iya miƙewa a gaban shugabanka da abokan aikinka ka ce mahaifinka ya yi kuskure ba. Za ka ga sunana a ƙasan shafi, ka sunkuyar da kai, ka wuce Zangon Aduwa zuwa gari na gaba, kana ganin ladabi ka yi. Don haka nake rubuto maka. Na yafe maka wannan kunyar, kuma umurni nake ba ka a matsayina na mahaifinka.

Na riga na aika wa buro da gyaran, da sa hannuna, a wannan makon. Amma na san yadda takardar tsoho mai ritaya take kwana a cikin tiren takardun buro, injin kuwa ba ya jira. Kai ne za ka kasance a wurin ranar da za a yanke. Ka je garin. Ka sa a janye ƙayar, a bar ramin ya sha iska, a fara zura fitila a ga ko za ta ci gaba da ci, sannan a zura ka da sabuwar igiya. Za ka ga baƙin hayaƙi a bango. Ka fasa ka wuce inda wuta ta ci, ka ɓallo daga can ciki, a wurare daban-daban. Ka duba tsaga, ka ga inda ta nufa, ka bi ta a sarari. Sannan ka rubuta abin da ka samu, ka ambaci rahotona da sunana, ka ce adadin da ke ciki na dutsen da aka ƙona ne.

Ban ce maka akwai ruwa ba. Ban sani ba. Mai yiwuwa ka auna da kyau ka tarar dutsen ya gasu tun asali, kuma babu tsaga. In haka ne, ka rubuta haka, kada ka sassauta don ka wanke ni ko don ka biya musu abin da na ci. Abin da suke bina shi ne a duba ƙasarsu sau ɗaya da gaskiya. In ka tarar da iyalan Tanko, ka gai da su. Ko za ka gaya musu ko ba za ka gaya musu ba, na bar maka. Ni na kasa, ba ni da bakin da zan tilasta maka.

Sauran abubuwan ka san su. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko kana bakin inji. Kada ka sha ruwan gari kai kaɗai alhali masu aikinka na kallo. Ka rubuto wa innarka, ita ba ta iya jiran shiru kamar ni. In ka zo hutu, ka zauna kusa da ni bayan la'asar ka ba ni labarin aikin, zan yi ƙoƙari in amsa da abin da ya fi kalma ɗaya.

Allah Ya tsare ka a saman ƙasa da cikinta. Ya ƙarfafa igiyar da za ta riƙe ka da hannuwan da za su riƙe ta. Ya sa ka gama da mutane lafiya, Ya jiƙan Maigari Ilu da Tanko da waɗanda suka tafi a waccan shekara, Ya saukar mana da ruwa mai albarka. Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Mahaifinka,
Isufu Ɗan Ladi

Na sa an karanta mini abin da na rubuta, akwai wuri ɗaya da ya kamata in gyara. Na ce ban lura da wata alama da za ta sa in yi tambaya ba. Wuta da toka kam ban gani ba. Amma safiyar sanyi ce, har yatsuna sun ƙage, kuma dutsen da Tanko ya ɗora mini a tafi da ɗuminsa. Na ji shi. Na mai da shi ɗaya hannun, na rubuta masa lamba.